'Yar Gangata Ta Motsa, Abban Humaira

Abban Humaira, maigidana, inuwata a tsakar rani, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa, sanyin idanuna. Gaisuwa mai tarin yawa daga matarka Zakiyya, daga wannan jami'a ta ƙasar sanyi da ta raba ni da garinmu Ƙarfi.

Albishirinka! Na'urar ta yi aiki.

Ka tuna ranar da muka kai ƙanwarka Mansura hoton ciki Malumfashi, tana cije leɓe a bayan mota saboda gargada? Da muka dawo ka tambaye ni abin da zan je nema har ƙasar waje. Na ajiye kwanon ruwa a rana, haskensa ya faɗa jikin bangon ɗakinmu, na ce ka buga ƙafa a ƙasa. Hasken ya kama rawa, kai kuma ka yi ta dariya har hularka ta faɗi. To, irinsa na ƙera: 'yar ganga da ba ta kai ƙwayar gero ba, fatarta ko kaurin ɓawon albasa ba ta yi ba. Sautin nan da kunne ba ya ji, wanda ake duba ciki da shi, in ya taɓa ta sai ta girgiza, siririn haske kuma ya karanto girgizar.

Waɗanda na fara ƙerawa duk sun tsage. Malamata ta ce in wannan ma ta ƙi, sai na ƙara shekara. Wace zuciya ce za ta iya wata shekarar ba kai? Humaira ta shiga makaranta ban raka ta ba, damina ta sauka a gonarka ban ji ƙamshinta ba. Jiya da hantsi na kunna ta da bismillah, sai ga layi a allon kwamfuta yana hawa yana sauka. Nan take na faɗi na yi sujada, abokiyar aikina Titilayo ta rungume ni, muna kuka muna dariya.

Na san abin da aka faɗa maka a majalisa, cewa ka saki tsuntsuwa ba za ta dawo ba. Ka riƙe gida, ka riƙe 'yarmu, ka riƙe ni daga nesa. A matan duniya wa ta kai ni dace?

Da sauran aiki kafin abin nan ya isa ƙananan asibitocinmu, amma karatuna ya kammala. Ina nan tafe kafin kaka, in Allah ya yarda. Ka gaya wa Hajiya mahaifiyarka addu'arta ta karɓu. Roƙona ɗaya: ka bar mini gefen gonar masara kada a karye, ni da kai za mu karye shi.

Taka a nesa, taka a kusa, taka har ranar da numfashi zai ƙare,
Zakiyya