Kyamarar da Dada Ke Ba da Aro

Zuwa ga Hamma Mas'udu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Adda Ruƙayya da yara. Allah Ya buɗa kasuwa, Ya raya zuri'a, Ya ba ku haƙurin ruwan Libreville da kake cewa ba ya gajiya da sauka. Mu nan Garwa sai godiya. Zafi ya ja da baya tun da aka fara ruwa, kogin Binuwai ya soma cika. Ƙanwarka Hibatullahi ta yaye ɗanta lafiya. Tsohuwarmu Dada tana nan da sauƙi, ƙafafun ne har yanzu ba sa kai ta ko bakin zaure, amma bakinta ras yake, babu wanda ya tsira a gidan.

Na sami saƙonka a kan kyamarar fim ɗin da ka saya mini. Ka ce in faɗa maka gaskiya ko tana mayar da kuɗinta ta hanyar haya da aiki kamar yadda muka yi zato, in kuwa ba ta yi, a sayar wa Théodore mai situdiyo a Domayo, can Marwa, tunda ya daɗe yana zawarcinta. Na ƙi amsa maka ta waya, domin kai in ka fara lissafi ba ka barin wa mutum wurin saka baki. Shi ya sa na ɗauki biro, a nan dole ka saurare ni har ƙarshe.

Ranar da ta iso, na buɗe akwatin na zauna ina kallonta kamar an ba ni jaririya. A raina har na ga motocin masu fim daga Yawunde da Njamena sun yi layi a ƙofar gidanmu, ni kuwa ina zaune a kujera ina cewa wane ya jira, wane ya dawo jibi. Motocin nan, Hamma, har yau suna hanya. Abin da ya zo shi ne aikin biki, musamman cikin gida inda maza ba sa shiga, kuma a nan ba ni da abokin takara. Sai dai abin da yake shigowa ita take cinyewa, yau batir, gobe kati, jibi gilashin gaba. In zafin Garwa ya taso sai ta yi fushi ta ɗauke, in zauna ina yi mata fifita ana jirana. Amare kuma suna ƙorafin ta cika gaskiya, wai waya ta fi ta kara, ita ko ƙurji ɗaya ba ta rufa wa mutum asiri. Hayar kirki kuwa Théodore kaɗai ya taɓa biya. Dalilin haka yana kwance a ɗakin Dada.

Ka san manyan tukwanen gidanmu da tabarmin biki, yadda unguwa duka take aronsu tun muna yara, kuma ba a taɓa dawo da su wayam ba, sai da goro ko ɗan nama ko sabulu a ciki. To, a idon Dada kyamarar nan ƙanwar tukwanen ce. Wanda ya fara zuwa Hanzala ne, ɗan Malam na maƙwabta, wanda yanzu yake ɗaukar bukukuwa. Na gyara murya na faɗa masa kuɗin hayar yini, sai ga muryar Dada daga ɗaki tana tambaya tun yaushe gidan nan ya fara karɓar kuɗin aro, kuma a hannun ɗan mutumin da ya raɗa mana suna. Na ce mata wannan haya ce, sana'a ce. Ta ce duk abin da ya kwana ƙarƙashin rufinta kayan gida ne, in ina son haya in je in kama shago. Haka Hanzala ya fita da ita, ni ina binsa da ido da addu'a.

Ya dawo da ita da goro a gefen akwatin, yana ta sunkuyar da kai. Ya ce ya rasa abin da zai sa a ciki wanda ya dace da girman kayan, shi ya sa bayan ya gama aikinsa ya sauka bakin kogi da safe ya ɗauko wa Dada Binuwai, ya bar mata a katin. Na ji haushi, har na ce a raina da kogi ake sayen batir. Amma na haɗa mata a talabijin.

Hamma, da ka ga ɗakin nan. Ruwa ya cika fuskar talabijin ɗin, shimfiɗe, yana tafiya a hankali, hasken safe yana kwance a kansa. Ga kwalekwale yana ratsawa, mai tuƙin ko sauri ba ya yi. Ga mata suna wanki a kan duwatsu, ana jin bugun kayan da dariyarsu, can nesa dorina ta ɗago kai ta sake nutsewa. Dada da ba ta iya yin shiru ta yi shiru. Ta jawo mayafinta ta rufe kafaɗa, wai iskar kogi tana taɓa ta. Ni da nake zuwa bakin kogin nan duk mako, ranar na fara ganinsa. Da ya ƙare ta ce a maimaita, aka yi ta maimaitawa har aka kira azahar.

Daga nan magana ta bazu cewa kyamarar gidan Dada ba a dawo da ita sai da wani wuri a cikinta. Arlette, 'yar Léontine ƙawar Dada ta kasuwa, ta are ta zuwa Tuboro ɗaukar aikin manoman auduga, ta dawo mana da tulin auduga fari fat, yara suna faɗawa ciki suna ɓacewa. Wani ya kawo kasuwar shanu, wani ya kawo hadari yana haɗuwa a kan duwatsu. Yanzu Dada ta san hanya fiye da direbobin tasha. In na shiga da safe sai ta ce yau Tuboro za mu, ko kuma a kai ta kogi ta sha iska kafin abinci. Tsofaffin unguwa ma sun gano, suna zuwa da goronsu su yi tafiyar tare.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mayo-Ulo. Da Dada ta ji Arlette za ta yi aiki can wajen iyaka, ta kira ta, ta kwatanta mata ƙauyen da aka haife ta, da wata tsamiya a jikin dutse a ƙofar gidan mahaifinta. Arlette ta bar hanyarta ta nemo wurin. Gidan babu shi, gona ce yanzu, amma tsamiyar tana nan, kuma a ƙarƙashinta akwai wata tsohuwa tana ɓarar gyaɗa. Da aka gaya mata 'yar gidan wa ta aiko, sai ta ajiye ƙwaryar, ta dubi kyamarar, ta kira Dada da wani sunan ƙuruciya da mu ba mu taɓa ji ba, ni kuma ba zan rubuta shi ba. Ta tambayi lafiyarta, ta tambayi 'ya'ya nawa Allah Ya ba ta. Dada ta gyara zama ta amsa mata ɗaya bayan ɗaya, ta lissafa mu da sunayenmu, kai ta fara ambata. Ta san sarai hoto ne, hankalinta garau yake. Ta ce an gaishe ta ne, kuma ba a barin gaisuwa ba amsa. Na fita tsakar gida na yi kukana.

To ga gaskiyar da ka nema. Kyamarar ba ta mayar da kuɗinta ba, kuma muddin Dada ce mai gidan nan ba na ganin za ta mayar. Ka yi guminka ka saya, kana da iyali, ba ni da bakin hana ka. Na kai maganar gaban Dada ina tsammanin za ta yi faɗa, har na shirya in kawo maka faɗan nata a matsayin hujja. Ba ta yi ba. Ta ce kayanka ne, ka sayar, Allah Ya sa albarka a cinikin. Sannan ta tambaye ni ko shi Théodore mutum ne mai ba da aro. Na ce me za ta yi da aron. Ta ce ta ga kogi, ta ga Tuboro, ta ga tsamiyar gidansu, saura wuri ɗaya. Wai in kana kiran waya fuskarka kamar ƙwayar gyaɗa take ganinta, maganar ma tana tsinkewa, kuma ba ta taɓa ganin ƙofar da kake shiga ka kwana ba. So take a ba ka aron kyamarar sau ɗaya, ka tsaya a ƙofar gidanka da rana tsaka, da girmanka, ka gaishe ta a nitse.

Ka gaishe mini da Adda Ruƙayya da kyau, ka shafa mini kan yara. Ƙannenka Hibatullahi da Abdulhalim suna gaisuwa, Malam ma ya ce yana sa ka a addu'a, haka Léontine kullum sai ta tambaye ka. Na ce wa Théodore ya dakata sai na ji daga gare ka. Dada kuwa ta riga ta sa an wanke jakar kyamarar, ta sa an ɗaure maka kilishi a gefe, tana tambayata wace rana motar kudu take tashi. Ban san abin da zan ce mata ba, Hamma, sai ka faɗa mini.

Wassalam, taka ƙanwa,
Rabi'atu