Shingen Ekkehard Ba Zai Sha Almakashi Ba

Inna Waltraud, ki taimake ni kafin Alhamis, don in na shiga ɗakin sulhun nan yadda zuciyata ke tafasa, sai an fitar da ni.

Shekarata ashirin da shida a lambu mai lamba sha bakwai na ƙungiyarmu ta masu hayar lambu. Kin san dokar: shingen shuka ba ya wuce mita ɗaya da kwata, don mai wucewa ya ga lambun kowa. To nawa ya kai mita biyu, kuma ko a jikina. Mijina Ekkehard ne ya dasa shi, shi ke aske shi duk bazara. Yau shekara uku da rasuwarsa, ban bari almakashi ya taɓa shi ba. Bencinsa na bayan shingen, nan nake zama in yi kukana ba mai leƙe.

Kwatsam sai maƙwabcina Gernot, wai inuwar shingena na kashe masa tumatir. Tumatir fa! Mutumin da ya ci kek ɗina ya fi sau ɗari. Bai taka ya same ni ba, sai ya rubuta wa kwamiti, suka zo min da sandar awo ana kallo. Yanzu wai ko mu sasanta gaban mai shiga tsakani, ko a karɓe lambun.

Matar da za ta shiga tsakanin ta kira ni, wai in rubuto abin da nake bukata, ban da laifin Gernot. Ni kuwa laifin nasa na tara, hoto arba'in da ɗaya. Ya tada injin yankan ciyawa ranar Lahadi har sau biyu, alhali doka ta hana hayaniya a ranar, rumfarsa ma ta zarce awo. In zan nutse, tare za mu nutse, kuma haƙuri ba zan ba shi ba. Da wane hoto zan fara?

Mai Lamba Sha Bakwai

'Yar'uwa, sannu da rashi. Hotunan nan ki bar su gida gaba ɗaya.

Mai shiga tsakani ba alƙaliya ba ce, ba ta da hukuncin da za ta yanke wa Gernot. In kin baje naki ya baje nasa, baram-baram za ku tashi, kwamiti ya ɗauko sandarsa, ita kuwa sandar awo ba ta san Ekkehard ba. Kina da gaskiya, ke ya kamata ya fara samu. Faɗa masa haka, sau ɗaya ya isa. Amma shi ma da tasa: shekara uku yana shuka cikin inuwa bai ce uffan ba, wataƙila nauyin makokinki ya ji.

Ki yi abin da matar ta ce. Sau biyu na karanta wasiƙarki, bencin nan kike karewa. To rubuta haka, ki tafi da tayinki: a rage shingen, ki kafa wake mai hawa kewaye da bencin ya kare ki daga masu leƙe. Tambayi kwamiti tun yanzu ko doka ta yarda. Ki tafi da ƙawa in an amince. In Gernot na magana, bar shi ya kai aya. In kuka ya taso, nemi a dakata, ba abin kunya ba ne.

Ban ce ki roƙi kowa ba, ki shiga da ƙarfinki. Sai dai ki tuna abin da kika rubuta da hannunki: Ekkehard ke aske shingen nan duk bazara. Shekara ashirin da uku bai taɓa barin sa ya tare wa maƙwabci rana ba. Na tabbata almakashinsa na nan rataye inda ya bar shi.

Allah ya sa bazara mai zuwa a bencin nan za ki sha kofinki.

Inna Waltraud