Faranti Ɗaya, Cokali Biyu, Ƙarfe Uku na Dare

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa, don duk wanda na fara ba labarin sai ya yi dariya ya ce ai maganar abinci ce kawai. To ni abincin nan yana neman raba ni da ɗayan biyu, ko lafiyata ko mijina.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a bakin titi, keke biyu da teburin yanka. Shekarata talatin da takwas, 'ya'yanmu uku. Maigidana yana aiki a wani kamfanin buga takardu, shi ke kula da babban injin, shi ya sa nake tsokanarsa da Injiniya. Yana shiga aiki biyar na yamma ya tashi biyu na dare, ni kuma sai shida nake rufe shago. Kin ga ke nan kafin in shigo ya fita, da safe kuma ina shirya yara makaranta yana kwance kamar an yar da buhu. Ranar hutunsa ɗaya ce a mako, ita ma barci ke cinye ta.

Da ya fara aikin, yau shekara tara, nakan zuba masa abinci a kula in ajiye a kicin in kwanta. Da safe sai in tarar ko buɗewa bai yi ba. Na yi ta fushi, na zaci girkina ne ya gundure shi. Ashe bawan Allah ba ya iya cin abinci shi kaɗai. Su tara ne a gidansu, bai taɓa zama gaban faranti babu wani hannu a ciki ba, ya ce in shi kaɗai ne a maƙogwaro lomar ke tsaya masa. Tun daga ranar, da na ji ƙarar makullinsa biyu da rabi sai in tashi. In ɗumama shinkafa ko taliya, wani lokaci in soya ƙwai da dankali, mu zauna a kicin kan ƙananan kujeru, faranti ɗaya cokali biyu, muna magana ƙasa-ƙasa kada yara su farka. A ɗora da shayi mai madara da suga. Kuma fa na riga na ci na dare da yara tun ƙarfe bakwai, don su ma in ban zauna ba wasa suke da abincin. Ni ce dai abokiyar cin kowa a gidan nan.

Anti, ba zan ɓoye miki ba, wannan awa ɗayar ita ce aurena. A nan muka zaɓa wa auta suna. A nan ya yi kukan rasuwar mahaifinsa, hannunsa duk baƙin tawada, bayan ya daure a gaban mutane kwana uku. A nan yake kwaikwayon muryar shugabansu har in toshe baki da gefen rigata. In aka cire wannan awar, abin da ya rage tsakaninmu saƙon waya ne: gas ya ƙare, an kira taron iyaye a makaranta.

Sai jiki ya fara ba ni labari. Kumburin ciki kullum, gyatsa mai tsami, ƙwannafi, bayan gida sai an yi kwana uku ana jiran tsammani. Ni da nake auna mutane na daina auna kaina, don tef ba ya ƙarya kuma ba ya kunya. Sau biyu ina buɗe rigunana, yanzu babu sauran yadin da zan saki. Wata mai kawo ɗinki har barka ta yi min, wai yaushe za a sauka lafiya. Da rana kuwa kwaɗayin zaƙi kamar zan yi hauka, biskit ba ya kwana a aljihun kekena. Watan jiya na yi gyangyaɗi ina kan ɗinki, allura ta shige ta farcena ta fito ta ƙasa.

Wannan yatsan ne ya kai ni asibiti, likita ta ga yanayina ta sa aka auna jinina. Ta ce sugana ya hau, bai zama ciwo ba tukuna amma yana bakin ƙofa. Ta tambaye ni ƙarfe nawa nake ci, ƙarfe nawa nake barci. Da na gaya mata sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce in daina cin tsakar dare, in yi barci a haɗe ba guntu-guntu ba, in dawo bayan wata uku. Ta yi min bayanin wasu ƙananan halittu da ke cikin hanji, wai su ma suna da lokacin aiki da na hutu, ban fahimta sosai ba don hankalina ya riga ya tafi wajen mahaifiyata. Ciwon suga ne ya cinye mata ido, shekara shida ina jan hannunta zuwa banɗaki kafin ta rasu. Babbar 'yata shekararta goma sha huɗu. Ba na so ta ja nawa hannun.

Ban gaya wa Injiniya ba, takardar asibitin ma na ɓoye ta. Na san shi, cewa zai yi shi ya jawo min, ko ya hana ni tashi gaba ɗaya, ko ya ajiye aikin da muke ci da shi. Sai na yi dabara. Dare uku ina zama gabansa ban ɗauki cokali ba, ina cewa na ƙoshi. Ya yi loma uku ya rufe farantin, ya tambaye ni ko ya yi min laifi, na ce babu komai. Dare na huɗu na yi kamar barci ya kwashe ni. Ina jinsa ya buɗe kula, ya rufe, ya zauna a kicin ko fitila bai kunna ba. Yau mako uku ke nan a bakin kamfani yake sayen abinci ya ci da abokan aiki, ya shigo ya kwanta. Ni kuma biyu da rabi na yi idona ke buɗewa ko babu ƙarar makulli, cikina yana kukan yunwa. Ina kwance na ba shi baya, na san bai yi barci ba, shi ma ya san ban yi ba.

Abin da ya fi kashe min jiki, Anti, kumburin ya ragu. Ƙwannafin ma ya tafi. Da ma a ce ban ga sauƙi ba, da na ce likita ba ta san aikinta ba na koma kujerata. Yanzu cikina ya lafa, gidana kuma ya mutu. Wallahi akwai daren da nake cewa gara in koma in ci, in makantar ce ta zo ina da miji. Na gaji, ban ga hanya ba. Yaya zan yi?

Taku,
Tela mai cin dare biyu

Ƙanwata Tela,

Ban yi dariya ba, kuma ba maganar abinci ce kawai ba. Ki share hawaye mu duba abin a tsanake.

Ni ba likita ba ce, amma na tambayi masu sani, kuma likitarki ba ta yi miki ƙarya ba. Jiki yana da agogonsa, hasken rana da lokacin cin abinci ke saita shi. Da rana ya fi iya sarrafa suga, cikin dare kuwa hannunsa ya yi sanyi, farantin da zai wuce lafiya da azahar sai ya daɗe yana yawo a jini in an ci shi ƙarfe uku. A cikin hanji kuma akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa da ke taya mu narkar da abinci, su ma yawansu da aikinsu na sauyawa tsakanin rana da dare. Ki ɗauka shagonki ne, kin rufe kin kwanta, a riƙa tashinki kowane dare ana miƙo yadi. Za ki ɗinka, amma ɗinkin zai karkace. Masu bincike ba su gama gano komai a kan halittun nan ba, sai dai sun ga cewa guntun barci na ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, don haka biskit ɗin nan ba rashin tarbiyya ba ne. Farkawar biyu da rabi ma sabo ne na shekara tara, zai saki a hankali. Kada ki koma cin, ko da wasa.

Yanzu laifinki. Kin yanke wa mijinki hukunci ba ki saurare shi ba. Kin ƙaddara abin da zai ce, kin ɓoye masa takardar asibiti, kin bar shi yana laluben laifin da bai yi ba. Shi ma bai kyauta ba, tambaya ɗaya ya yi ya naɗe hannu ya koma cin bakin kamfani. Amma shi a duhu yake, ke ce mai fitila a hannu. A ranar hutunsa mai zuwa, bayan ya tashi ya wartsake, ki miƙa masa takardar ki gaya masa komai, har da maganar mahaifiyarki. In ya ce zai bar aiki, ki ce ba wannan kika roƙa ba.

Abin da za ki roƙa shi ne a sauya wa awar nan wuri. Kin manta shagon naki ne? Ki rufe ƙarfe uku, ki dawo gida ku ci babban abincin rana tare kafin ya fita, ki koma ki ƙarasa ɗinki. Masu kawo aiki za su yi gunaguni mako biyu su saba. Na san hirar rana ba za ta yi daɗin ta dare ba, ga hayaniya, ga sauri, kuma za ki yi kewar waccan. Ki yarda akwai abin da za ki rasa. Daren da gari zai waye a hutunsa, ki tashi ku zauna, ke da shayi marar suga, shi da abu mai sauƙi. Sauran darare ki yi barcinki. Ki ƙara wake, ganye, 'ya'yan itace da yogot marar zaƙi, su ne abincin mutanen hanjin nan. Ki ɗan yi tafiya da safe rana ta taɓa ki. Ranar da likita ta ba ki kuma kada ki ɗaga ta.

Saura abu ɗaya da ban gani ba ko a layi ɗaya na wasiƙarki. Shekara tara rabin farantin nan ke kika ci, ɗaya rabin fa? Shi ma ƙarfe uku yake ci, ya kwanta a kai, barcinsa na rana ne cikin hayaniyar yara, kuma har yau babu allurar da ta soke shi ta kai shi asibiti. Ke an auna ki, an gargaɗe ki da sauran lokaci. Shi ba wanda ya auna. Idan za ki koma wurin likita ki tafi da shi, a ɗebi nasa jinin ma.

Allah ya ba ku lafiya ku biyun, ya bar ku tare.

Antinku