Tarkon da Ya Kama Ƙafar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya rage maka gajiyar aiki da kewar gida. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi har ta koma ba shukokinta ruwa da kanta, Auta ta gama jarrabawa tana ta barci ba ji ba gani, maigidana kuma yana nan yana fama da tsohuwar motar ɗaukar baƙi, wadda sai an lallashe ta take tashi.

Na san Goggo ta riga ni kai maka labarin faɗuwar Baba, na kuma ji saƙonka cewa a haɗa masa kaya ya koma wurinka da zama, ya bar yawon daji haka nan. A waya ba ka barin mutum ya kai aya, shi ya sa na ɗauko biro. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Mako uku da suka wuce muka fita da baƙi shida, malaman makaranta ne masu son kallon tsuntsaye. Ka san dokokin Baba ba su canza ba: ba a wuce mutum takwas, ba a kauce wa hanya, ba a jefa wa biri abinci, ba a kunna kukan tsuntsu a waya don a yaudare shi ya fito. Yana gaba, ina baya da jakar magani. Mun gangara bakin rafin da gada ke shan ruwa, yana cikin gaya musu cilakowa ce ke kuka a sama, sai ya kife. Wayar tarko ce ta zarge masa idon sawu, kuma a fili take, ko ganye ba a rufa mata ba. Yaya, mutumin da ya shekara ashirin yana kwance tarkuna a dajin nan! Ina cikin kwance masa wayar, shi kuwa sai ya kira baƙin ya ce su matso su gani, abin da gada ke ji ke nan, sai dai ita ba ta da 'yar da za ta kwance ta. Da na miƙa masa wayar ya shafa ƙullinta da yatsa, sai ya cusa ta a aljihu ya ce mu koma mota.

A gida, Inna na wanke masa ciwon, ya faɗa mana abu biyu. Na farko, ya fi shekara idonsa ba ya gani sosai, da kunne da sabo da hanya yake jan baƙi. Sai a lokacin na gane abin da ya sa kullum yake juyowa ya tambaye ni me na gani a kan reshe. Ni duk a zatona jarraba ni yake yi, har ina jin daɗi in na ci. Na biyu, ya ce ƙullin nan nasa ne, shi ya ƙirƙiro shi zamanin yana farauta, kuma mutum ɗaya tak ya taɓa koya wa: ƙaninsa, Baffa.

Maigidana ya ce duk tarkon da muka tsinta ma'aikatan gandun daji muke kai wa, in muka ɓoye wannan don na gida ne, da wane ido za mu kalli waɗanda muka kai ƙara a baya? Baba ya ce gaskiya ne, amma a bar shi ya fara ganin ɗan'uwansa. Washegari na riƙe masa hannu muka tafi gonar Baffa da ke gefen dajin. Da farko Baffa ya musa, daga baya ya fashe da faɗa. Ya ce mu muna nuna wa baƙi dabbobi ana tafa mana, shi kuma dabbobin namu sun cinye masa wake shekara biyu a jere, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masa sannu. Na so in mayar masa, Baba ya matse min hannu. Ya ce Baffa yana da gaskiya, mun kula da daji mun manta da maƙwabcin daji, wannan laifinmu ne. Sannan ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna masa ciwon. Baffa ya dubi ciwon, ya tashi ya kai mu ga sauran tarkuna huɗu. A na ƙarshe muka tarar da gada ta mutu har ta ruɓe, ba ta amfani kowa ba.

Tare suka je ofishin gandu, Baffa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, aka rubuta sunansa aka ja masa kunne. Mu kuma mun yi kwana huɗu muna kewaye masa gona da shingen ƙaya. Yanzu Baffa na bin mu aiki, shi ke shiga gaba in mun fita, shi ido, Baba kunne. Suna tafe suna musu a kan sawun dabba kamar yara, baƙi na ta dariya. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu zuciyata ba ta gama sakewa da Baffa ba, amma ranar Asabar da idona na ga ya tsayar da wani baƙo da zai taɓa sheƙar tsuntsu.

Likita ya duba Baba ya ce yanar ido ce, kuma ana cirewa. Ga shawarata. In damina ta kankama muna rufe hanya wata biyu don dabbobi su hayayyafa ba takura. A lokacin zan kawo maka shi a yi aikin, ya huta, ya ga jikokinsa. Amma don Allah ka bar shi ya dawo. Na san tsoro ne ya sa ka faɗi abin da ka faɗa, ni ma na tsorata. Sai dai in ka zaunar da shi a bene na huɗu, ina jin ƙafarsa kawai za ka kare, zuciyarsa kuwa tana daji. Da na gaya masa shirin bai ƙi ba. Abu ɗaya ya ce in tambaye ka: ko akwai bishiya kusa da tagar ɗakin da za ka sauke shi?

Ka gaida min Anti da kyau, da 'Yan Biyu, da takwarar Inna. Inna, Goggo, Auta da maigidana duk suna gaishe ku. Baffa ma ya ce in gaishe ka, cikin ƙaramar murya. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
'Yar Baba