Hular Baba a Ƙofar Bellas Artes

Alhamis, 7 ga Maris

Yau ma Baba ya ce mini "baiwar Allah". Na kai masa kunun masara, ya karɓa da hannu biyu yana godiya kamar ga baƙuwa. Tun Kirsimeti bai kira sunana ba. Yaya Anselmo ya bugo, wai ya samo masa gurbi a gidan tsofaffi. "Ke Otilia, wahalar da kanki kawai kike. Mutumin da bai san ki ba, ina ruwansa da wanda ke ba shi abinci?" Na kashe wayar, amma maganar ta tsaya mini a ƙirji.

Juma'a, 8 ga Maris

Lahadi zan kai shi Bellas Artes, babbar fadar zane-zanen nan ta tsakiyar birni. A ƙofar fadar nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana murɗa akwatin kiɗa, ni kuma ina 'yar mitsitsiya ina zagaya mutane da hularsa suna jefa kuɗi. Na tsani hular nan, musamman in 'yan ajinmu sun zo wucewa. Amma in mun gaji, sai mu zauna ya ba ni labarin zanen da ke bangon ciki. Wai akwai shuɗin doki mai cin gurasa, da wata mata da ta goya rana a baya. Ni ban taɓa shiga ba, kullum sai wata rana. In akwai abin da zai dawo da shi, zanen nan ne. Na ce wa Yaya, in bai gane ni a can ba, na haƙura.

Asabar, 9 ga Maris

Na goge masa kakinsa na aiki. Ya yi masa yawa yanzu.

Lahadi, 10 ga Maris

Bishiyoyin lambun Alameda da ke gefen fadar duk sun yi fure, kamar da. Mun bi layi, mun hau benen farin dutsen nan a hankali. Bango ga shi nan har sama: wuta, sarƙoƙi, injuna, ma'aikata da jajayen tutoci. Na duba ko'ina, babu doki. Na tambayi mai gadi, ya ce, "Inna, na daɗe a nan, ban taɓa ganin shuɗin doki ba." Baba kuwa takalminsa yake kallo. Can ya ja hannuna a tsorace. "Baiwar Allah, wa ya bar mu muka shigo?"

Nan na gane. Lahadi ce ranar shiga kyauta, kuma Lahadi ce ranar kasuwarmu. Akwatin na haya ne, ba a ajiye shi a tafi kallo. Baba bai taɓa taka cikin fadar nan ba. Dokin da matar, duk don ni ya ƙirƙire su.

Na fito da shi ina share hawaye. A ƙofa wani mai kaki yana murɗa akwati, kiɗan nan mai shaƙewa da na sani tun ban san kaina ba. Baba ya tsaya cak. Ya cire hularsa, ya juya ta, ya miƙo mini.

"Tila, tsayuwar me kike yi? Fara da matan can, sun fi tausayi. Kuma saki fuskar nan, sai ka ce an ƙwace miki tamal, alalar masarar nan taki."

Na karɓa. Ni da furfurata na zagaya, mata suna jefawa suna dariya. Na juye wa mai akwatin abin da na tara. Kafin mu isa gida na sake zama baiwar Allah.

Laraba, 13 ga Maris

Yaya ya bugo. "To, ya gane ki?" Na ce a ciki dai bai gane ni ba. "Shi ke nan, in ce wa gidan tsofaffin muna tafe?" Na ce ya dakata tukuna, ruwa na tafasa a murhu. Babu abin da na ɗora.

Na wanke hular, na ɗinke bakinta da ya fara zarewa. Ba wani abu ba ne, Lahadi ce ta kusa.