'Yar Baƙa da Tokar Ƙaiƙayi

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Alhamdu lillahi, shinkafar rani ta yi albarka. Tukunya uku na turara yau, ƙamshi har bakin titi. Itace duk ya jiƙe, da ƙaiƙayi na yi wuta. Abu ɗaya ya ɓata mini rai: 'Yar Baƙa, akuyar Inna uwar mijina, ta sake hawa shanyata. Na jefe ta da takalmi, ta tsaya tana kallona tana tauna. Wallahi akuyar nan ta raina ni.

Talata, 9 ga Yuli

Innalillahi! Jiya na kwashe tokar na zuba a ƙarƙashin rumfa, samanta fari fat kamar ta mutu. An yi ruwa, ko'ina laka, akuya kuwa ba ta son danshi, sai ta haye tokar ta kwanta. Ashe cikin jawur yake. Ihunta na ji. Gefen ciki da cinya duk sun babbake, ƙauri ya cika gidan.

Na san ƙaiƙayi yana kwana da wuta. Ƙyuya ce ta hana ni yayyafa ruwa.

Inna ta ce a fasa ƙwai, maƙwabta suka ce baƙin mai. Na buga wa Malam Abdulmannan, malamin dabbobi. "Ruwan randa kawai, Zainaba. Ki yi ta zubawa, ban da ƙanƙara." Randa biyu na ƙarar.

Laraba, 10 ga Yuli

Ta miƙe, har na fara murna. Malam ya zo ya aske gashin wurin, ya ce in dakata. Wai gashi yana ɓoye ƙuna, kuma zafi yana ci gaba da cin fata bayan an raba ta da wuta, kamar yadda shinkafata ke dahuwa bayan na sauke tukunya. Inda ya taɓa ta zabura, ya ce da sauƙi. Tsakiyar cinyar da bai ji ta motsa ba, nan wutar ta ci har ƙasa. Ya yi mata allura, ya nuna mini wanki da shafa zuma.

Asabar, 13 ga Yuli

Fatar tsakiyar ta bushe ƙamas, ta fara ɗagowa. Ta ƙi cin komai. Maigidana, Baban Adila, ya shigo da Bala mahauci, wai gara a yanka kafin ta zama mushe. Inna ta juya baya ta shige ɗaki. Da hannunta ta raini akuyar nan tun da uwar ta mutu.

Ban san lokacin da na tare ƙofar rumfa ba. Na ce a ba ni mako guda. Baban Adila ya ce, "Ke da kike jifanta da takalmi?" Na ce eh, ni ɗin.

Na bi Inna na durƙusa na ce ni na zuba tokar. Ta ce, "Ai na sani, 'yar nan. Tashi ki ɗauko zumar."

Talata, 16 ga Yuli

Ƙuda sun dame ta. Na yanka tsohuwar singiletin Baban Adila na ɗinka mata riga. Matan unguwa sun yi ta leƙowa suna gaishe da amarya. Inna ta yi dariya har da hawaye.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ta ci ganyen wake! Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida kamar mahaukaciya.

Asabar, 20 ga Yuli

Mako ya cika. Bala ya leƙo, 'Yar Baƙa ta tunkuɗe shi a gwiwa. Ya ce wannan ta fi ƙarfin wuƙarsa. Na cika masa kwano da shinkafa don daɗi.

Lahadi, 4 ga Agusta

Gyambon yana tsukewa daga gefe, sabuwar fata ja-ja, laushi kamar ta jariri. Abin mamaki, gashin da ke tsirowa a bakinsa fari ne. Malam ya ce haka ƙuna ke yi, tsakiyar kuma ba za ta ƙara yin gashi ba har abada. Wannan ya tsaya mini a rai.

Juma'a, 30 ga Agusta

Kawu Ya'u, ƙanen Inna, ya zo daga Auyo da babur. Ya ce a ba shi ita ta shiga garkensa, ciyawar fadama za ta mayar mata da jiki. Malam tun shekaranjiya ya ce ta warke sarai. Ni kuwa na buɗe baki na ce ai tabon bai yi ƙwari ba, rana za ta ƙone shi, sai dai ko bayan kaka.

Inna ta kalle ni, ta kalli Kawu, ta ce, "To ka ji mai akuya."

Ba tawa ba ce fa. Kawai dai can ba wanda ya san ta wane gefe take kwanciya.