Kafin In Sake Tashi

Zuwa ga Yaya Maccido,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kuna lafiya. Yaya jikin Inna? Ina Ni'imatu da yara? Allah ya sa geron Kebbe ya yi kyau bana.

Ni dai lafiya nike nan Zambiya. Ƙafar da ta karye lokacin da jirgin feshin gona ya faɗi da ni ta warke, sai ɗan tsami in an yi sanyi. Likita ya ce zan iya komawa aiki.

A wurin aiki sun ba ni wani ƙaramin jirgi da ya daɗe a ajiye. Ni da makanike munka zubar da tsohon mai, munka canza tayoyi, har sheƙar tsuntsu munka ciro daga cikin inji. Jirgi kam ya shirya. Jiya na shiga na tada shi, sai na kasa sakin birki. Tsohon direban jirgin da zai raka ni ya ce, "Mannir, ba dole sai yau ba." Na kashe inji na sauko. Ba wani abu ba ne, Yaya, daɗewa ce kawai.

Ranar Laraba za mu tashi tare, in Allah ya yarda. In ka shiga Tambuwal, ka roƙi Kawu Ɗan'iya ya sa ni a addu'a. Inna kuwa, don Allah kada ka gaya mata sai na sauka. In ta ce in bari in dawo gida, ina tsoron wannan karon zan yarda.

Allah ya tsare mu baki ɗaya.

Ƙaninka,
Mannir